Yatsun Kawu Grozdan

Tun da idanun Grozdan suka dushe, da yatsu yake karanta kuɗin Rumawa. Miƙa masa tsabar azurfa da ƙasarta, zai shafa hanci da gemu ya faɗa maka sarkin da ke kai. Da yatsun nan yake ci, don duk masu tonon tsoffin kuɗi a bakin kogin Danube wurinsa suke zuwa.

Wata rana da hantsi Rumen, wani mai tono, ya faɗo masa gida tare da surukinsa Tsanko, laka har gwiwa. Rumen ƙato ne, ga saurin hannu.

"Kawu, taɓa nan ka ji arziki!"

Grozdan ya shafa tsabar da Rumen ya miƙo. Ba gemu, wuya mai kauri, gashi layi-layi kamar an kifa hula.

"Sarki Oto ne. Wata uku ya yi a kan mulki, shi ya sa kuɗinsa ke da wuyar samu." Ya auna ta a tafin hannu, babban yatsansa ya tsaya kan wani ɗan kumburi a gefe. "Amma jabu ce, ɗana. Jan ƙarfe aka yi wa rigar azurfa."

"Jabu? Da hannuna fa na tono ta!"

"To, a zamaninsu babu macuta ne?"

Tsanko ya ja tsaki. "So yake ya saye ta a banza ya kai birnin Sofiya."

Rumen ya kwaɗa wa tsohon mari, kujera ta kife, kwalbar giyar rakiya ta tarwatse. Ya finciko shi, ya danne hannunsa na dama a kan tebur, ya ɗaga ƙotar shebur.

"Ka ce ta gaske ce!"

Kalma ɗaya fa, da ya tsira. Amma taurin kan tsohon nan, kai! Shekara arba'in bai taɓa kiran jabu ta gaske ba.

"Jabu ce."

Ƙota ta sauka. Ƙas! Ta sake sauka, ta sake, har jini ya bi ƙafar tebur. Ihun Grozdan ya tayar da karnukan unguwa.

"Bari in nuna maka, makahon banza!" Rumen na haki ya zaro wuƙa ya kankare gefen tsabar.

"Wane launi?" in ji Grozdan daga ƙasa.

Da ƙyar Tsanko ya ce, "Ja."

"Ba ni in taɓa."

Rumen ya durƙusa, ya ɗora masa ita a kan yatsun da ya farfasa. Grozdan ya jira, ya jira.

"Na ce ka ba ni mana."