Fiton Jasibo a Cikin Waya

Lamudi ɗan ƙanin mijina ɓarawo ne. Na faɗa a kasuwa, na faɗa a ƙofar gidan ubansa, ga shi ina sake faɗa. Ya sace fiton mamaci ya zuba a waya, yana yaudarar tsuntsu da shi.

Mijina Jasibo mai cirar zuma ne a bakin gandun daji, kamar ubansa. Yana da fitonsa: gajeru biyu, dogo ɗaya, sai ya buga gindin gatari a jikin itace. Tsuntsun zuma ya ji ya zo, ya riƙa tsalle daga reshe zuwa reshe yana surutu, Jasibo na biye har kogon kuka. In an fasa, a ajiye wa tsuntsu saƙarsa mai 'ya'ya a kan ganye. Ba a hana shi. Ko yaro a garinmu ya san haka.

Jasibo ya rasu bara waccan. Da kakar bana ina yankan ciyawar jinka a gefen rafi, rana ta ɗaga, sai na ji fiton. Gajeru biyu, dogo ɗaya. Lauje ya faɗi daga hannuna. Na ce wa kaina, to Folpuwa, maigida ya zo tafiya da ke. Na ɗauki laujen na bi muryar.

Me zan gani? Motar gandu, da Turawa huɗu kwance rub da ciki, kowa da kyamara mai baki kamar taɓarya. Ga Lamudi tsaye cikin kakinsa na jagoran baƙi, ya ɗaga waya sama. Tsuntsun ya zo, bawan Allah, yana ta kira, ya tashi zuwa wata bishiyar marke, ya waiwayo, ya dawo. Ba wanda ya motsa. Sai ƙyas-ƙyas ɗin hoto kawai.

Na ce, "Kai Lamudi, wa ke fito a hannunka?"

Ya ce, "Inna, rage murya don Allah, za ki kore shi."

"Ni zan kore shi? Ina rabonsa? Ina mai bin sa?"

"Haba Inna, waɗannan hoto suka zo ɗauka, ba harbin ƙudan zuma ba. Ai Baba Jasibo da kansa ya yi mini fiton na ɗauka, har yana dariya."

"Ya yi wa ɗansa, bai yi wa kasuwa ba, mai kunnen jemage!"

Wata Baturiya ta juyo da kyamararta kaina. Na ɗaga mata lauje, ta sauke.

Ashe sau biyar, sau shida a yini yake yi, kowace mota da zuwanta. Da bazara ta kama, ɗana Yempabu ya ɗauki gatarin ubansa ya shiga daji. Magidanci ne, da 'ya'ya biyar, kuma zumar nan ce ke riƙe gidan kafin sabuwar dawa. Ya yi fito har leɓensa ya tsage. Tsuntsun ya sauka a reshe, ya dube shi, ya gyara fuka-fukansa, ya yi zamansa. Kwana goma sha ɗaya Yempabu na dawowa da tulu wayam.

Na taka har ofishin babban ma'aikatan gandu. Ya ba ni kujera, na ƙi. Ya ce, "Mama, tsuntsun daji ai ba na kowa ba ne. Kina da takarda?" A bayansa kuwa ga hoton tsuntsun a bango, baki buɗe, yana kiran mutanen da ba za su tashi ba.

Ba ni da takarda, ban kuma san ko tsuntsu na yafewa ba. Amma ranar kasuwa mai zuwa dattawa za su zauna a gindin tsamiya. Abin da zan nema shi ne Lamudi ya zo da wayarsa ya goge fiton a idona. Sannan ya tuɓe kakin nan, ya bi Yempabu daji, ya hau kuka da kansa, ƙudan zuma su ci fuskarsa, ya ajiye wa tsuntsu saƙa kullum har ya yarda ya sake tashi gabanmu. Shi kuma babbansu na ofis ya zo ya gaya wa jikokina, da bakinsa, wa ya ba da izini.