Alkamar Arba'in ɗin Baba

…kuma ga su nan suna hawowa, Baba. Ƙauyen gaba ɗaya. Ina leƙensu ta tagar hasumiyarka, sulkenka a jikina, ya yi mini yawa a kafaɗa.

Tun da muka binne ka nake jiran yau. Su Girkawa, mu Faransawa, ƙasar kuma tasu ce kafin Kaka ya zo da takobi. Ƙauyukan gabas duk sun juya, sun bi sarkinsu. Waɗannan me zai riƙe su? In suka tafi, wa ya rage? Ni, da Fada Oberto limamin cocinmu, da dawakin da suka tsufa…

Ba sanda a hannunsu. Akushi ne. Tsohuwa Marula a gaba, wadda ta goya ni, tana haki a kan dutse.

Na sauko, na buɗe musu ƙofa. Dafaffiyar alkama. Zuma. 'Ya'yan rumman jajaye a kai. Abin da suke yi wa mamatansu ranar arba'in. Nasu mamatan, Baba. Kai kuwa…

Fada yana raɗa mini, kada ka taɓa, ɗana, ba addu'armu ba ce.

Na tuna ina yaro, kai a kan doki, ni a gabanka, ƙafata ba ta kai ko'ina ba. An aiko daga birni a kulle cocin Girkawan nan, ka ce ai mabuɗin ya ɓace. Ga shi yana kaɗawa a ɗamararka, kowa na gani! Har ɗan aiken ya gani. Ban gane ba a lokacin, ni dariyarka kawai nake ji a bayana.

"Buɗe baki, ɗan Bafaranshe," in ji Marula. "Ubanka ma duk shekara yana ci saboda marigayiya uwarka, rabi a baki, rabi a gemu."

Duk shekara? Kana saukowa kai kaɗai… ban taɓa sani ba.

Ina taunawa. Zaƙi, da ɗan gishiri, gishirin daga fuskata yake. Na gode, Baba. Na gode da mabuɗin nan. Na gode da gemun.

Stamatis ɗan Marula yana murza hularsa. Yana tambaya, ranka ya daɗe, yaushe za a fara kaɗe zaitun, daga gangare ko daga tudu?

Ba tafiya za su yi ba.

Suna jirana. Gangare ko tudu… kai ta ina kake farawa? Ban taɓa tambayarka ba. Sulken nan da nauyi, Baba, bari in ɗan zauna…