Juyen Ƙarshe

Suma'ila ya tsoma yatsa a bidon mai, 'yar jarkar da Kassim ya miƙo masa, ya murza man, ya ɗaga kusa da idonsa na dama, wanda ke ɗan gani-gani.

"Wannan ai ruwan shayi ne," in ji shi.

Kassim, mai shagon baƙin mai a Zango, ya yi dariya. "Baba, shi ake yayi yanzu. Biyar-talatin ke nan, sababbin motoci duk shi suke sha."

"Sababbi ka ce. Tawa ta girme ka. Injin da ya tsufa ya saki jiki, ga zafin Damagaram. Ka zuba mata tsinkakken mai, kafin mu fita gari rabi ya tsiyaye, rabi ya bi hayaƙi. Ba ni ashirin-hamsin, mai kaurin nan."

Motar tana tsaye a bakin shago, tsohuwar Fijo mai buɗaɗɗen baya, fentinta ya koɗe har ba a iya rantsuwa kan launinsa na asali. Da ita Suma'ila ya ci ƙuruciyarsa a hanyar Dakusa, yana kai fasinja, yana dawowa da buhunan gero da gyaɗa. Yanzu yanar ido ta rufe masa gani, ranar da ya kusa take wani ɗan kabu-kabu kuwa, 'yarsa Ramlatu ta karɓe makulli ta ce an gama. Ya yarda a sayar, amma da sharaɗi ɗaya: sai ga wanda zai ci gaba da hawa hanya da ita. Ramlatu ta samo wani Mamman, mutumin Dakusa, yau kuma zai zo ya ɗauka. Shi ya sa tsohon ya kafe sai an yi mata juye tukuna, don a ganinsa abin kunya ne ka miƙa mota da gurɓataccen mai a cikinta.

Ramlatu ce ta tuƙo motar, shi kuwa ya ƙi kujerar fasinja ya zauna a baya. Yanzu tana tsaye gefe da jakarta a hammata, ta ƙi haɗa ido da kowa.

Kassim ya shige ƙarƙashin motar ya kwance, tsohon mai ya zubo baƙi ƙirin cikin kwano. Warin ya daki hancin Suma'ila, sai ga matarsa marigayiya Shatu a zuciyarsa, tana durƙushe gaban bahon wanki tana mita. Takan ce ita dai ba mutum ta aura ba, tsumman garaji ta aura, duk rigar da ya sa sai ta dawo da tabo. Amma ranar da naƙudar Ramlatu ta kama ta, a bayan motar nan aka shimfiɗa mata tabarma zuwa likita, ba ta kuma ƙara zagin motar ba sai dai rigunan. Kewarta ta kama shi sosai, ya juya kai kamar mai duba taya.

Ana cikin zuba sabon mai Mamman ya iso, mutum ne mai fara'a da yawan magana. Ya durƙusa ya gaida tsohon, sannan ya tsaya yana sauraren injin da Kassim ya tayar bayan ya gama zubawa.

"Ka ji ko?" in ji Suma'ila. "Ko tari babu. Tun da na saye ta ban taɓa canja mata mai ba sai irin wannan. Kada wani ya ruɗe ka da tsinkakke. In ka yi doguwar tafiya, ka duba sandar mai kafin ka juyo."

"Ai Baba, tafiya ta ƙare mata," Mamman ya ce da murna. "Injin nake so. Niƙa zan kafa da shi a bakin kasuwarmu. Gangar jikin kuwa, masu tsohon ƙarfe sun ce suna so. Ramlatu ba ta faɗa maka ba?"

Suma'ila ya juya wajen 'yarsa.

"Baba, na yi ta yawo da ita," in ji Ramlatu. "Duk wanda ya gani sai ya ce jikin ya ruɓe. Shi kaɗai ne ya tsaya ya saurari injin. Na rasa bakin da zan faɗa maka."

Ransa ya ɓaci ƙwarai. Yana iya cewa an fasa, Ramlatu ba za ta musa ba, motar ta koma ƙofar gida ta zama ɗakin kaji. Ya dafa murfin injin, ɗumin ya ratsa tafin hannunsa.

"Daga yaushe zuwa yaushe zai riƙa aiki?" ya tambayi Mamman.

"Daga hantsi zuwa la'asar, ranar kasuwa har ya wuce."

"A tsaye wuri ɗaya, ba iskar hanya, ga ƙurar gari. Zai fi jin zafi. Kada ka jira man ya yi baƙi, ka riƙa yi masa juye da wuri." Ya waiwayi Kassim. "Ƙaro bido ɗaya, ashirin-hamsin, ka sa a baya. Guzurinta ne."

Mamman ya ce ya yi magana da makanike, a nan Zango za a sauke injin, a ɗora a babbar mota.

"A'a," in ji Suma'ila. "Da ƙafarta za ta je Dakusa. Ka sauke a can."

Ya zagaya da kansa, yana lalubar jikin motar, ya wuce ƙofar direba ya buɗe ta fasinja. Ƙofar ta cije, don duk zamansa da motar bai taɓa shiga ta nan ba, sai da Ramlatu ta taya shi ja. Ta haye baya ta zauna kusa da bidon.

Mamman ya ja mota suka bar Zango, suka miƙe hanyar Dakusa. Suma'ila ba ya ganin hanyar sai dishi-dishi, amma tun kafin su kai ramin da ke bayan tsohuwar gada, ƙafarsa ta dama ta riga ta danna ƙasa, inda babu birki.