Kwalaben Duba-gari Maiwada

A shekarun da ruwan madatsar Bakolori ya cinye gonaki, an kwashe mutanen wani ƙauye aka zaunar da su a gindin wani dutse da ke ƙasar Maradun. Wurin ba laifi, akwai rafi mai ruwa har cikin rani. Sai dai a kan dutsen akwai 'yar mahaƙar zinariya, inda ake daka dutse a wanke, lakar da ta rage a zuba ta cikin wani babban rami da aka yi wa ganuwar ƙasa.

Maiwada shi ne duba-garin da aka ɗora wa lura da ruwan. Dogo ne, mai sanyin hali, ba ya gaggawar magana. Duk Laraba yakan zo a kan babur da akwatin kwalabe a baya. Ya ɗebi ruwa sama da ramin, ya ɗebi na ƙasa da shi, sannan ya gangara mashaya inda mata ke ɗiba. Daga nan sai Talata Mafara, ya ba motar Sakkwato kwalaben, don can ake aunawa.

Mutanen ƙauyen ba sa sakin jiki da shi. Duk wanda ya zo da kakin gwamnati, su dai tashin da aka yi musu suke tunawa.

Wata Laraba, bayan ruwan farko na damina, ya tarar da ruwan mashaya ya yi fari-fari kamar an dama toka. Ya tsuguna ya cika kwalba, ya ɗaga ta ga rana, ya daɗe yana kallo. Kusa da shi wata tsohuwa mai suna Baturiya tana shirin cika tulu.

"Inna, ina kwana? Ina gajiya? Yaya mutan gida?"

"Lahiya lau, Malam. Mun gode Allah."

"Inna, don Allah ki dakata da ruwan nan. Ku koma rijiyar masallaci har in gano abin da ya same shi."

Ta ajiye ƙwarya a hankali, ta dube shi. "Ruwa ya kore mu daga gidajen iyayenmu. Yanzu kuma ruwa za ku hana mu? Rijiyar nan fa ba ta isar mu."

Maganar ta taɓa shi. Ya ce, "Gaskiyarki, Inna. Ki ba ni yini guda."

Ya bar babur a ƙasa ya hau dutsen. Shugaban masu haƙar, Jibrin, abokinsa ne tun makarantar allo, tare suka sha bulalar malami ɗaya. Suka gaisa sosai, sannan Maiwada ya miƙa masa kwalbar.

Jibrin ya juya ta, ya ce, "Ai damina ce, Maiwada. Kowane rafi yana gurɓacewa."

"Na sama da ku ja ne, irin na damina. Wanga fari ne. Zo mu zaga ganuwar, in ba komai sai in ba ka haƙuri."

Suka zaga, suna ratsa ciyawa mai raɓa. Can ta bayan ramin, ƙarƙashin wata sabara, suka ga inda gafiya ta yi rami. Farar laka na tsiyayowa ta nan, siririya, tana bin kwari zuwa rafi. Jibrin ya cire hula ya sosa kai. Ya san tsayar da wankin zinariya yana nufin yaransa su zauna ba aiki.

"Mu ma da ruwan rafin nan ake dama mana fura," in ji shi a ƙarshe. Ya ɗaga murya ya ce a tsayar da wanki.

Kafin la'asar masu haƙa sun koma ɗaukar jar ƙasa da duwatsu. Da mai unguwa ya ji, sai ya turo magidanta da kwanduna da fartanya. Maiwada ma ya naɗe wando ya shiga. Aka toshe ramin gafiyar, aka ƙara wa ganuwar kauri, washegari kuma aka haƙa ƙaramin kududdufi a ƙasa, wanda zai tare duk abin da ya kuɓuce.

Ruwan bai washe nan take ba. Mata suka yi ta layi a rijiya suna ƙorafi, Maiwada yana zuwa yana ɗiba yana aikawa. Da sakamakon awo ya fara dawowa da sauƙi, ya ce a yi wankin tufafi da ruwan, amma sha sai an ƙara haƙuri. Sai da gero ya fara fitar da kai sannan aka ce ruwan ya koma yadda yake.

Ranar da ya kai labarin, mai unguwa ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar zaure. Bayan an yi addu'a, dattijon ya ce sun yanke shawarar haƙa rijiya ta biyu da kaka, kuma suna so shi ya zaɓa musu wurin. Maiwada ya sa takalmansa, suka fita tare da dattawan, suka nufi arewacin gari inda ƙasa ta fi tudu.