Tashar da Gwaggo Ke Tsaye

Zazzaɓi ya kama Kailani bayan azahar. Ya miƙe a doguwar kujera a falon yayansa, fanka tana juya iska mai zafi. Tun da ya dawo daga karatu a ƙasar sanyi saƙo ke zuwa daga ƙauye: Gwaggo Tasalla, wadda ta raine shi, jiki ya ƙi, tana nemansa. Kullum sai ya ce gobe. Yau ma motar kasuwa za ta tashi da la'asar. Ya ce bari ya ɗan runtsa.

Ƙasa ta buɗe a ƙarƙashin kujerar, ko ƙara babu. Sai ga shi a jirgin ƙarƙashin ƙasa, irin wanda ya saba hawa a can, da rigar sanyi a jikinsa, ƙafa ba takalmi. Tarago cike, kowa ya sunkuyar da kai, ba mai gaida wani. Bai damu ba. Ya ma fi son haka.

A kowace tasha ana sauka, ba a shiga. Fitilu suka yi ta mutuwa, har ya rage daga shi sai wata tsohuwar buta a kujerar da ke kallonsa.

Lasifika ta ce, "Nan ne ƙarshen layi."

Butar ta ja tsaki. "Ƙarya take. Nan ne dai inda suka gaji. Da can layin ya wuce nan nesa. Zauna, ɗan boko, ba a kai ba."

Jirgi ya kutsa cikin duhu. Tashoshin gaba duk a rufe suke. A ta farko saiwoyin kuka sun sauko daga rufi suna shafar bayan jirgi kamar yatsu. Allon suna ya yi tsatsa, amma ya karanta: Kawu Haladu. Ta biyu ruwan rijiya ya cika ta, tulu yana yawo a kai shi kaɗai. Wannan kuma Inna Dije ce. Jirgin bai tsaya ba, ya dai rage gudu, kamar mai wuce gidan da yake jin nauyinsa.

A ta uku wani tsoho mai hular ma'aikatan jirgi yana durƙushe, yana naɗe dandamalin tashar da hannu, siminti yana lanƙwasa masa kamar kaba. Ya cusa naɗin a hammata, ya shigo.

"Baba, wa ya rufe tashoshin nan?"

"Ba wanda ya rufe su," in ji tsohon. "Tabarma ce. In an shimfiɗa baƙo bai zo ba, sai a naɗe."

"Ai ina aiko da gaisuwa ta waya."

"Mun gan ta," in ji buta. "Ta nan ta wuce. Ba ta sauka ba."

Daga nan ƙarafan dogo suka zama kara, karan ya zama rairayi, jirgi ya tsaya don ba sauran inda zai taka. Rufin ramin ya tsage, hasken hantsi ya zubo. Tsamiya ce a tsakiyar tashar, ta bakin hanyar ƙauyensu. A gindinta Gwaggo Tasalla tana tsaye, ta kare ido da tafin hannu tana duban inda motoci ke ɓacewa. Gara ta yi gini a ƙafafunta har ƙauri.

"Gwaggo, me kike yi a nan?"

Ba ta juyo ba. "Rakiya."

"Wa kika rako?"

"Wani mara ta-ido, mai sunan babana. Na kawo shi bakin tsamiya, mota ta zo, ya faɗa ciki da jakarsa. Bai ce in koma ba."

A garinsu mai rakiya ba ya juyawa don kansa. Sai baƙo ya tsaya, ya ce, to, a koma daga nan, an gode. Kailani ya san haka tun yana yaro. Ranar dai hankalinsa yana kan kujerar taga.

"Tun ranar kike nan?"

"To da izinin wa zan koma?"

Tsohon ya tsuguna a gefen dandamali, ya kama bakin simintin da yatsu. "Ita kaɗai ta rage min. Ba a naɗe tabarma da mutum a kai. Sallame ta, samari, ƙafarta ta gaji."

Kailani ya dubi hannun tsohon, ya dubi ginin garar. In ya faɗa, za ta juya, a naɗe tashar. In ya yi shiru, za ta ci gaba da tsayuwa. Ya nemi buta ta ba shi shawara, ya tarar ta zama buta kawai, ba ko ɗigon ruwa a cikinta.

Sai a lokacin Gwaggo ta juyo. Idanunta sun yi fari.

"Faɗi mana, Babana. Ko a can ba a koya muku ba?"

Ƙofofin jirgi suka fara kuka za su rufe. Ya buɗe baki.

"Kai, Bature! Tashi, ka jiƙa min kujera da gumi!"

Asabe ce, matar yayansa, tana bubbuga hannun kujera da ludayi. Ana kiran la'asar.

"Sai surutu kake. Wai, tsaya tukuna, kada ki koma. Wace ce? Baturiyar da ka baro?"

"Motar ƙauye ta tashi?"

"Tana lodi. Da zazzaɓin za ka?"

Ya laluba takalminsa, ya yi salla a gurguje, ya fita. Ta yafa mayafi ta biyo shi tana mita har bakin titi. Ya yi gaba kaɗan, sai ya tsaya cak, ya juyo.

"Asabe, koma daga nan. Na gode."