Sunanta a Bakin Inna

Shekara goma sha bakwai Dakta Zuhura ta yi a jami'a tana sasanta ma'aurata, tana binciken yadda iyali ke danne fushi da ɓoye ƙauna. Ta shiga gidaje da yawa daga Kankia har Sukuntuni tana ɗaukar hirarsu a waya. Gidansu na garin Ƙofa ta bari sai ƙarshe.

Ita ce ɗiyar fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunanta ba saboda kunya. Kullum "ke" ce ko "waccan".

Ran da ta je, ta ajiye wayar kan tabarma ta ce, "Inna, in abu ya cika miki zuciya, me kike yi?"

"Surfe nake yi," in ji Inna, idonta na kan waken da take tsinta. Zuhura ta tashi da haushi ta tafi zaure gaida Baba, ta manta wayar tana ɗauka.

Inna ta rasu da daminar nan. Sai bayan arba'in Zuhura ta iya kunna hirar a ofis. Ta ji takun fitarta. Can sai muryar Inna ƙasa-ƙasa, ita kaɗai: "Zuhura ta rame. Allah ya sa tana cin abinci."

Ɗalibai na jiranta a aji. Ta mayar da maganar baya, ta kara wayar a kunne, ta sake ji.