Kwamfuta ta Huɗu

Malam Obadiah ya buɗe aikin ɗalibarsa Falmata, 'yar ajin safe, a laftof ɗinsa, ya danna, sai jan rubutu ya fito. A layi na tara ta kira wani umarni mai suna gyara_kwana, kwamfutar kuwa ta ce ba ta san shi ba. Ya duba littafin daga sama har ƙasa, babu inda ta rubuta shi.

Shekara shida ke nan yana koyar da nazarin bayanai a wata ƙaramar cibiya a Sabon Gari, saman shagon masu kayan gyaran mota. Ɗalibai kan yi aikinsu a littafin kwamfuta, su rubuta umarni layi-layi, sakamako na fitowa a ƙasa. Wani asibiti a Fagge ya nemi ya turo sunan mutum ɗaya ranar Juma'a, wanda zai riƙa tsara musu bayanan rigakafi, kuma Falmata ya yi niyyar turawa. Amma dokarsa sananniya ce: wanda ya kwafi aiki, an cire shi.

Da ya buɗe aikin Nkechi, 'yar ajin yamma, sai ga jan rubutun nan, a kan umarnin nan dai. Ya cire tabarau ya ajiye. Ya daɗe yana jin labarin masu sayar wa ɗalibai aiki a yankin Bata.

Ranar Alhamis da hantsi ya kira su biyun.

"Kun san juna?"

Suka dubi juna, suka girgiza kai.

"To, wa ya yi muku aikin?"

"Malam, wallahi ni na yi," in ji Falmata, tana murza bakin hijabinta.

"Ni ma haka," in ji Nkechi. "Da ina da kuɗin sayen aiki, ai da takalmi na fara saya."

Bai yi dariya ba. Ya juya musu laftof ɗin. "Wannan umarnin, ina kuka samo shi?"

"Ba tare da littafin yake zuwa ba?" Falmata ta tambaya. "In ka fara rubuta gyara, shi da kansa yake fito maka da sauran. Na gwada, na ga yana daidaita kwanan wata, shi ke nan."

Amsar ta yi masa santsi da yawa. Sunan Hausa a manhajar da Turawa suka yi? Ya dubi fuskarta yana neman alamar haɗa baki.

"Tashi ki nuna mini."

Falmata ta nufi kwamfuta ta huɗu, ta ƙarƙashin fanka.

"Kai! Ashe ke ce mai sauke mini kujera kullum?" in ji Nkechi.

"Ashe ke ce mai barin ɓawon gyaɗa."

Falmata ta buɗe aikinta ta danna. Komai ya tafi sumul, har jadawalin ƙarshe. Malam Obadiah ya ce ta koma ta uku. A nan jan rubutu ya fito.

Zarginsa sai ya koma kan kwamfutar. Wani ya shigo ya saka musu abu ke nan. Ya ja kujera, ya shiga wata ɓoyayyiyar folda da littafin yake karanta duk abin da ke ciki kafin ya buɗe. Fayil ɗaya ne, kuma ga gyara_kwana a cikinsa. A layin farko an rubuta: "Saboda ɗauke wuta, kada in yi ta maimaitawa. O."

Sai a lokacin ya tuna. Bara da damina, kafin su sa sola, wuta na ɗaukewa sau biyar a darasi ɗaya, kuma a wannan kwamfutar yake nuna misali.

"Malam, wane ne O?" Nkechi ta tambaya, alhali ta sani.

"Ni ne. Na manta da shi sam. Ku yafe mini, na zarge ku a kan abin da hannuna ya yi."

Falmata ta sauke ajiyar zuciya. "Ke nan sunana zai tafi?"

Ba ta kwafa ba, amma a asibiti babu kwamfuta ta huɗu. Ya cire fayil ɗin, ya sake buɗe littafin.

"Rubuta naki. Ina nan har la'asar."

Sau uku jan rubutu yana fito mata. Kwanakin da aka rubuta wata kafin rana su suka fi wahalar da ita. Nkechi, da ta ce za ta koma shagon babarta, ta zauna tana kallo, sau ɗaya har ta buɗe baki, Malam ya ɗaga mata yatsa. Ana kiran la'asar jadawalin ya fito. Umarnin Falmata ya ninka nasa tsawo, amma kowane kwanan wata ya zauna daidai.

Ya tambaye ta yadda take rubuta sunan mahaifinta, ya cike takardar asibitin.